Ƙidayar Bassu a Tudun Al'ul

Bara na ƙirga ɗari biyu da sha ɗaya.
Bana na hau tudun tun asuba, littafina a aljihu,
na durƙusa kamar mai neman allura a ciyawa,
na sami talatin da bakwai.
Na sake ƙirgawa, don ido kan yi ƙarya in sanyi ya buge shi.
Talatin da bakwai.

Babu wanda ya kai tsawon yatsana,
kai ka ce gashin buroshi aka soka a ƙasa.
Iyayensu na tsaye a kansu,
al'ul ɗin da suka girmi kakan kakana,
rabinsu sun fara mutuwa daga ƙoƙon kai,
gindi da rai, sama ƙirare.
Birai sun ɓare musu ɓawo suna lasar danshi.
Ban ga laifinsu ba.
Idon ruwan da suke sha
an sa masa bututu, yana shayar da gonar tuffa a kwari.

Innata Tuda takan ce a zamaninta a nan duwatsun Atlas
dusar ƙanƙara ke kulle ƙofa,
sai maza sun fita ta taga da shebur.
Iri yana so ya kwana ƙarƙashin wannan farin bargo
kafin ya yarda ya tsaga.
Yanzu ƙanƙarar tana zuwa kamar baƙon da ba ya cire takalmi:
sallama, gaisuwa a tsaitsaye,
kafin a dafa shayi ta koma.

Wayar da muka kewaye wurin da ita
an datse ta daga gabas.
Na san bakin almakashin,
ni na ara wa ƙanena Hammu a watan jiya.
Awakinsa saba'in ne, 'ya'yansa shida,
kuma ciyawar kwari ta ƙare tun kafin shearar tumaki ta zo.
Da daddare muka ci gurasa a akushi ɗaya,
ya miƙo min man zaitun,
ni ban ce waya ba, shi bai ce akuya ba.

Injiniya Zhor ta zo daga birni da taswira mai launi.
Ta ce itacen karrush na hawowa daga ƙasa,
ya fi jure ƙishi, in an sare shi ya toho,
shi kuwa al'ul in ya faɗi ya faɗi.
Ta ce mu kai irin can sama inda sanyi ya gudu.
Na ce to.
Na ɗaga kai na dubi ƙololuwar:
tafiyar awa guda ce, daga nan sai tsuran dutse,
daga dutse sai shaho.
Tudu ba shi da bene na biyu.

Ina naɗe igiyar awo sai ga Itto, 'yar Hammu,
ta baro awakin ubanta a gefen kwazazzabo,
tana jan hannun rigata.
Ta kai ni gun kututturen da guguwa ta kayar shekara biyar,
wanda na yi ta rubuta wa ofis takarda a zo a ɗauke,
ba su zo ba.
Can cikin rassansa da suka sarƙe,
inda bakin akuya ba ya kaiwa,
inda inuwa ta riƙe 'yar laima,
ga su nan, tara, sun fi na fili tsawo.

Ta ce, kawu, waɗannan nawa ne, ni na fara gani.

Na lashi bakin fensir.
Na soke talatin da bakwai, na sa arba'in da shida.
Takarda ta shida zuwa ofis tana aljihuna har yanzu,
na ji ta da yatsa, na bar ta a ninke.
Daga ƙasa ƙararrawar bunsuru na matsowa.
Itto ta ruga da gudu, tana tsintar duwatsu.